Amosanin Jini a Cikin Dangi: Wane Magani Ne Abin Tsoro?

Duk wanda ya zauna a Kurfi ko Dutsin-Ma ya san gidan da ake kwana a tsaye da zarar sanyin hunturu ya kunno kai. Yaro ne ke murƙususu saboda ciwon ƙashi, idanunsa sun yi ɗorawa, uwa na gasa masa gaɓoɓi. Wannan shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. An ƙiyasta cewa a kowace shekara ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta a ɓoye, wato jininsa AS ne.

Lissafin gadon cutar ba shi da wuya, amma nan ne ake yawan kuskure. Idan miji da mata dukansu AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin ɗari na zuwa da SS. Wannan ba ya nufin in an haifi mai sikila ɗaya, uku na bayansa sun tsira. Kowane ciki da nasa rabon, don haka ake samun gida mai 'ya'ya shida babu ko ɗaya, a sami wani mai uku a jere. Auren zumunci ba shi ke haifar da cutar ba, sai dai yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu iri ɗaya idan akwai shi a zuriyar. Dalilin yaɗuwar AS a ƙasarmu kuwa shi ne yana ba mai shi kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da mazauna kewayen madatsar ruwa ta Zobe ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin jini kafin aure.

To, wanda aka riga aka haifa fa? A nan ne zancen magani ya shigo, kuma a ganina tsoron iyaye ya sauka inda bai dace ba.

Akwai ƙwayar da ake kira haidiroksiyuriya. Da yawa kan ja da baya idan suka ji cewa asalinta maganin sankarar jini ce. Gaskiya ne, amma aikinta a jikin mai sikila daban ne: tana sa jiki ya ƙara samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanyoyi. Tun 1998 Amurka ta amince da ita ga masu wannan cuta. Mu ma an gwada ta a gida. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu sun ba da ita ga yaran da hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya nuna suna dab da shanyewar ɓarin jiki, sakamakon da aka buga a 2022 kuma ya nuna ko ɗan ƙaramin awo yana ba da kariya. Sharuɗɗanta biyu ne: a riƙa auna jini lokaci-lokaci domin tana iya rage fararen ƙwayoyi, kuma mai shirin ɗaukar ciki ta tuntuɓi likita tukuna.

Abin tsoron yana kan kantar kemis. Matashin da ciwo ya gallaba yakan sayi allurar fentazosin ya riƙa tsira wa kansa, har jiki ya saba ya kasa rabuwa da ita, cinyoyinsa su sandare, gyambo ya ɓulla. Haka nan shan dikulofenak ba ƙaƙƙautawa yana lahanta ƙodar da dama cutar ta riga ta raunana, ya kuma ƙwarzane tumbi. Ƙwayoyin da ake shanyawa a faranti cikin rana a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma kuwa, babu mai iya shaidar ingancinsu, ko da kwalinsu na ɗauke da lambar NAFDAC, tunda ita ma masu jabu na kwaikwayonta.

Iyayen da ke son a duba ko ɗansu ya cancanci haidiroksiyuriya sai su fara da asibitin garinsu, su nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.