Tseren Motoci na Monako: Yadda Asabar Ke Yanke wa Lahadi Hukunci

Duk cikin wuraren da a ke tseren motoci na Formula 1, babu inda gurbin tashi ya ke da daraja kamar Monako, 'yar ƙaramar ƙasar nan da ke bakin teku a kudancin Faransa. A kan titunan birnin a ke tseren, zagaye 78, kowane zagaye kilomita 3.337. Hanyar ƙunci gare ta, ga kwana-kwana, ga shingen ƙarfe dama da hagu, har wanda ya shiga gaba da wuya a iya wuce shi.

Saboda haka ne hankalin kowa kan koma ga ranar Asabar, watau ranar gwajin neman gurbi. Kowane direba ya kan zagaya iyakar gudunsa, agogo na ƙidaya, ana zubar da masu nawa kashi-kashi, har a rage goma waɗanda za su nemi gurbin farko.

Amma fa samun gurbin ba shi ne cin tseren ba, kuma ba wanda ya san haka kamar Charles Leclerc, direban Ferrari, haifaffen birnin. A 2021 ya sami gurbin farko, ya kuwa daki shinge a ƙarshen gwajin. Ranar Lahadi motar ta tashi da lahani, ko tseren bai shiga ba. A 2022 ya sake samu. Aka fara cikin ruwan sama, yana gaba abinsa. Da titi ya soma bushewa sai dabara ta rikice wa mutanensa: suka kira shi canjin taya sau biyu kusa da kusa, a na biyun ma ya tarar da abokin aikinsa Carlos Sainz a gabansa, dole ya jira. Canjin taya bai fi daƙiƙa uku ba, amma shiga rumfar makanikai da fita kan ci wajen daƙiƙa ashirin. Sergio Perez, wanda ya tashi na uku, shi ya ci. Leclerc ya ƙare na huɗu. A ganinmu ba a kan titi aka kayar da shi ba, nasa ne suka kayar da shi.

Sai a 2024 haƙarsa ta cim ma ruwa. Ya riga Oscar Piastri da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, ya kuma ci tseren, ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci a gida tun bayan Louis Chiron a 1931. To, amma wani haɗari a zagayen farko ya sa aka tsai da tseren, direbobi suka canja taya a tsaye, larurar shiga rumfa ta kau. Goman farko suka ƙare daidai yadda suka tashi.

Wannan ya dami hukumar tseren, har ta wajabta canjin taya sau biyu a Monako a 2025. Wayo ya sami ƙofa. Ƙungiyoyin Williams da Racing Bulls suka sa direba ɗaya ya rage gudu da gangan, ya tare na baya, don ɗan'uwansa ya sami sararin shiga rumfa ya fito bai rasa gurbinsa ba. George Russell ya gaji da bin Alex Albon, ya yanke kwana ya wuce shi, aka hukunta shi. Lando Norris kuwa, wanda ya tashi na farko, shi ya iso na farko.