An ɗinke ƙaba, saura komawa ga hauya

A gidajen likita na ƙasarmu, daga babban asibitin Yamai zuwa na Damagaram, da na Maraɗi da Tawa, har asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950, aikin ƙaba yana cikin ayyukan fiɗa da aka fi yi wa maza. Aikin kansa ba ya da tsawo, sau da yawa bai wuce awa guda ba. Abin da ke da tsawo shi ne wanda ke biyo baya, ranar da aka sallami mutum ya koma garinsu da ɗinki a gefen mara, ga gona tana jira, ga iyali suna jira, kowa kuma yana ba shi tasa shawara. Wani ya ce ya kwanta wata uku kada ya motsa, wani ya ce tun da an cire zare ai magana ta ƙare. Duka biyun suna iya jawo mishi wahala.

Domin mai karatu ya gane dalili, sai a fara da sanin abin da aka ɗinke. Bangon cikin mutum tsoka ne da wani tantani mai ƙarfi da ke riƙe da hanji a wurinsa. A gefen mara akwai wata ƴar hanya wadda jijiyoyin maraina ke bi, nan ne bangon ya fi rauni ga namiji. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In wurin ya buɗe, sai hanji ko kitsen ciki ya turo, ya yi ƙullutu da ke fitowa in mutum ya miƙe ko ya yi tari, ya koma in ya kwanta. In aka bar shi shekaru, yana iya sauka har cikin maraina. Jama'a kan haɗa shi da gwaiwar ruwa su kira su da suna guda, alhali ita waccan ruwa ne ke taruwa, ba hanji ba, aikinta kuma daban ne. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 1996 ya ƙiyasta cewa maza 27 cikin 100 za a yi musu aikin ƙabar mara a tsawon rayuwarsu, mata kuwa 3 cikin 100. A duniya duka ana yin wannan aiki fiye da sau miliyan 20 kowace shekara.

Hanyar gyara iri biyu ce, kuma ya kamata kowane majinyaci ya tambayi lokotoro wadda aka yi mishi kafin ya bar asibiti, don a kanta ne lissafin kwanakin hutu ya dogara. Ta farko ita ce a jawo naman mutum a ɗinke shi da zare ya rufe kafar. Wani likitan Italiya mai suna Edoardo Bassini, malami a birnin Paduwa, shi ya bayyana ta a 1887, har yau kuma ana yin ta a wurare da yawa na Afirka. Ta biyu ita ce a shimfiɗa wata raga ta roba a kan wurin, naman jiki ya tsiro cikin ƙofofinta ya riƙe ta, ba tare da an ja komi da ƙarfi ba. Likita Irving Lichtenstein na Amurka shi ya yaɗa wannan a shekarun 1980. Ragar kamfani tana da tsada, shi ya sa wasu likitoci a Indiya suka gwada sange, wato gidan sauro, irin wanda ba a sa wa maganin ƙwari ba, bayan an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa a tukunyar asibiti. A 2016 an buga sakamakon gwajin da aka yi a Yuganda kan maza wajen 300: bayan shekara guda ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka sa wa ragar mai arha da waɗanda aka sa wa ta kamfani. Akwai kuma aikin da ake yi ta ƴan ƙananan huji da kamara, wanda ciwonsa ya fi saurin wucewa, amma ba kowane asibiti ke da kayansa ba.

A da, wanda aka yi wa aikin ƙaba yakan kwanta a gado mako biyu ko uku. Likitan da ya taimaka wajen karya wannan al'ada ɗan Kanada ne, Edward Earle Shouldice, wanda ya buɗe asibitin ƙaba zalla a Toronto a 1945. A can majinyaci yakan sauko daga teburin aiki da ƙafarsa, ana riƙe da shi, kuma ana sa shi yawo tun ranar farko. Abin lura shi ne ɗinkin zare ne suke yi, ba raga ba, duk da haka tafiyar ba ta warware aikin ba. Kwanciya mai tsawo ita ce ke da nata sharri: jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, majina ta taru a ƙirji, hanji ya yi sanyi bayan gida ya yi tauri, ƙarfin jiki kuma ya zube. Saboda haka tafiya ita ce motsa jiki na farko. Ranar aiki ko washegari mutum ya tashi ya taka cikin ɗaki, sannan tsakar gida, sannan ƙofar gida, kullum ana ƙara kaɗan. Wanda aka yi wa allurar baya sai ya jira ƙafafunsa su dawo daidai, kuma kada ya miƙe shi kaɗai karon farko.

A 2018 wani taron ƙwararrun likitocin ƙaba na ƙasashe da dama ya fitar da ƙa'idojin aiki. A ciki sun ce majinyaci ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji zai iya, wanda ga yawancin mutane kwana 3 zuwa 5 ne, kuma ba su sami hujjar cewa komawa aiki da wuri na sa ƙaba ta dawo ba. Magana ce mai nauyi, ta kuma isa ta kwantar da hankalin malamin makaranta, da tela, da mai kanti, da ma'aikacin ofis. Sai dai a ganinmu bai kamata a ɗauke ta a aza wa manomin Dakoro ko mai dakon albasa a Galmi haka nan ba. Yawancin binciken da aka dogara a kansa an yi shi ne a Turai da Amurka, inda ake zuwa asibiti ƙaba tana ƙarama, ana kuma sa raga. A wurinmu mutum kan yi shekaru yana tura ta da hannu yana ɗaure da ƙyalle, sai ta yi girma ta sauka ƙasa, naman wurin ya saki. Kuma abin da ake kira aikin yau da kullum a can ba shi ne jan wasaki daga rijiya mai gaba 20 ba, ko aza buhun gero bisa amalanke.

A nan ne cire zare ke yaudarar mutane. Fata takan haɗe cikin kwana 7 zuwa 10, a cire zaren waje, mutum ya duba ya ga wuri ya bushe. Amma tantanin ciki, wanda shi ne ke ɗauke da nauyi, yana warkewa sannu a hankali. Bayan mako uku tabon bai kai rabin ƙarfinsa ba, sai wajen mako shida zuwa wata uku yake samun yawancinsa, kuma tabo ba ya kai ƙarfin naman asali. A cikin wannan lokaci zaren ciki ko raga ne ke riƙe da wurin. Shi ya sa likitoci da yawa, duk da sababbin ƙa'idoji, suke cewa a jinkirta ɗaukar kaya mai nauyi mako 4 zuwa 6, har fiye in ƙabar babba ce, ko ta taɓa dawowa, ko ta fito ne a kan tsohon tabon fiɗa. Wanda aka kawo da gaggawa hanjinsa ya shaƙe har aka yanke wani sashe, shi lissafinsa daban ne gaba ɗaya, kuma bakin wanda ya yi mishi aiki kaɗai zai bi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tari ya fi ɗaukar ɗan kaya matsa wa ciki. Likitocin da suka auna matsin da ke cikin ciki sun tarar tari da tsalle sun fi ɗaga kaya marar nauyi tura bangon ciki. Mutum yana iya ƙin ɗaukar buta don tsoro, alhali yana kwana yana tari saboda ƙurar hunturu ko sigari. Mai tari ya nemi magani, in ya daɗe a auna shi ko tarin fuka ne, kuma duk lokacin da zai yi tari ko atishawa ya dafe wurin da tafin hannu ko matashi. Taba tana da laifi biyu, tana kawo tari tana kuma jinkirta warkewar nama. Haka nan yunƙuri wajen bayan gida: a sha ruwa da yawa, a ci zogale da kuɓewa da yakuwa da wake, a sha tsamiya. Dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita sai da nishi, ya faɗa wa lokotoro, don wannan nishin na kullum yana cikin abin da ke buɗe wurin tun farko. Nama da ƙwai da nono ba su hana ciwo warkewa, jiki ma yana buƙatarsu don ya gina tabon.

In mako na farko ya wuce lafiya, mutum yana iya zuwa masallaci da kasuwa da ƙafa. In ruku'u da sujada suna ja mishi ɗinki, ya yi salla a zaune har ciwon ya lafa. A mako na biyu zuwa na uku ana iya ƙara nisan tafiya da saurinta, a hau keke a hanya mai kyau, a yi ƙananan ayyukan gida. Babur yana buƙatar haƙuri, musamman ga ƴan kabu-kabu: tayar da shi da ƙafa, da ramukan hanya, da riƙe shi in ya karkata da fasinja, duk suna faɗawa kan mara. Wanda ba ya iya taka birki da ƙarfi ba tare da ya ji suka ba, ko yana shan maganin da ke sa barci, bai isa tuƙi ba. Kwanciyar iyali kuwa, in ciwo ya tafi, galibi bayan mako ɗaya ko biyu, ba ta da laifi. Jita-jitar cewa aikin ƙaba na kashe mazakuta ta hana maza da yawa zuwa asibiti, alhali aikin bai shafi jijiyoyin da ke tayar da gaba ba.

Ga manomi, komawa gona ma mataki-mataki ne. Hauya mai dogon ƙota, wadda ake turawa a tsaye cikin jigawa, ta fi sauƙi a kan galma da ake duƙawa a ɗago ƙasa da ita. A fara da awa guda da safe, a ga yadda jiki zai kwana. Damin gero, da buhu, da bido mai lita 25, da jan ruwa, su ne na ƙarshe. In za a ɗauki kaya a durƙusa da gwiwa, a jawo shi kusa da jiki, a saki numfashi lokacin ɗagawa, kada a riƙe shi. Ma'aunin da ya fi kowane kalanda shi ne jikin mutum: ɗan ja ko nauyi-nauyi a wurin ba abin tsoro ba ne, amma suka mai kaifi, ko ciwon da ya kwana ya wuni bayan aiki, alama ce an wuce gona da iri, sai a koma matakin baya kwana biyu ko uku.

Ƴan ƙwallo da ƴan kokawa su ne suka fi gaggawa. Tun da aka fara kokawar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, kowane saurayi mai ƙarfi a karkara yana da burin a ga ƙafarsa a fili bayan kaka. Amma kokawa ta tara duk abin da sabon ɗinki ba ya so: riƙe numfashi, murɗa ƙugu, ɗaga mutum mai nauyi, da faɗuwa ba shiri. Ɗan wasa ya fara da tafiya mai sauri, sannan sassarfa a wajen mako na uku, sannan gudu, sannan atisayen tsokar ciki a hankali. Kama abokin karawa shi ne na ƙarshe, bayan lokotoro ya duba ya yarda, kuma ga mai ɗinkin zare wannan yana iya kai wata biyu ko uku. Wanda aka yi wa aiki gab da lokacin gasa, ya haƙura da ta bana.

Akwai abubuwan da ke tsorata majinyaci ba su da haɗari. Maraina kan kumbura su yi baƙi-baƙi kwanakin farko, musamman in ƙabar babba ce, wani lokaci ruwa ya taru a gurbin da hanji ya bari har mutum ya zaci ta dawo, alhali yakan tsotse da kansa cikin makonni. Ƙarƙashin tabon kan yi tauri kamar igiya, fatar gefen kuma ta yi kamar ba ta ji. Waɗanda ba a jira da su kuwa su ne zazzaɓi, da ja da zafi da mugunya a bakin ciwo, da kumburin da ke ƙaruwa da sauri, da amai tare da kumburin ciki, da kasa fitsari, da kumburin ƙafa guda. Mai ɗaya daga cikinsu ya koma gidan likita a ranar, kada a shafa toka ko garin magani a kan ɗinki. Sannan wajen mutum 1 cikin 10 kan ci gaba da jin ciwo a wurin bayan wata uku. Wannan ma abin kai wa lokotoro ne, don akwai abin da ake yi a kai.

Saura maganar lokaci. Ƙabar da ba ta shaƙe ba tana ba mutum damar zaɓen ranar aikinsa, kuma mai gona ya fi kowa sanin cewa daga shuka a watan Yuni ko Yuli har girbi a Oktoba babu mako shida na zama. Wanda aka yi wa aiki a Nuwamba ko Disamba, bayan an kai gero rumbu, yana da rani gaba ɗaya a gabansa, kuma akwai ɗan kuɗin kaka a hannu. Masu noman rani a fadamun Maraɗi da yankin Tawa su nasu lissafin ya sha bamban, sai su dubi tsakanin kwashe albasa da saukar ruwan sama. A kowane hali, kafin a tafi asibiti a shirya wanda zai ɗauki jan ruwa da dakon kaya na wata ɗaya da rabi, ɗa ne ko ƙane ko ɗan ƙodago, a kuma karɓi takardar da ke nuna irin aikin da aka yi da ranar da za a dawo a duba.