Shin Ko Kun San? Sirrin Kula Da Jita A Birnin Zazzau

Kiɗan tsirkiya tsoho ne a ƙasar Zazzau. Garaya da molo da gurmi da goge da kukuma duk 'yan gida ne, sun san hunturunmu, sun san daminarmu. Jita ce baƙuwa. A yau za ka gan ta rataye a bayan ɗalibi a Kongo ko Samaru, ka ji ta a majami'un Wusasa da Sabon Gari, har cikin ganuwa ma ta shiga ɗakunan samari. Abin takaici shi ne, yawancin jitocin da ke lalacewa a garin nan rashin iya ajiya ne ke gamawa da su tun kafin kiɗa ya tsufar da su. Ga wasu abubuwa da ya kamata duk mai jita ya sani.

1. Shin ko kun san cewa fuskar jita, wato allon da ke da ramin nan a tsakiya, kaurinta bai wuce milimita 3 ba? Wannan ɗan fallen katako shi ne ke girgiza ya haifar da amo. A 1862 wani gwanin sassaƙa ɗan ƙasar Sifaniya, Antonio de Torres, ya ƙera jita da baya da gefuna na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna inda murya take. Jitar tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona. Saboda haka duk kulawar da za ku yi, daga fuskar za ku fara.

2. Shin ko kun san cewa tsirkiyoyi 6 na ƙarfe, idan an ɗaure su daidai, suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kimanin kilo 70? Ya fi buhun siminti, wanda yake kilo 50. Dare da rana wannan ja yana kan jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiyoyin, wanda aka manne da gam a fuskar jitar. Wanda zai yi tafiya ya bar ta wata da watanni, ya ɗan sassauta tsirkiyoyin kafin ya rufe akwati.

3. Shin ko kun san cewa jita ta fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari? A Zariya kuwa, idan hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana. Iskar da ke fasa muku leɓe da dunduniya ita ce ke tsotse ruwan jikin katako har ya tsuke ya tsage. Kaushin jita ba ya jin man shafawa. Idan ta tsage, sai mai gyara.

4. Shin ko kun san cewa jita tana yin kuka kafin ta tsage? Alamu uku ne. Na farko, bakin ƙarafunan da ke jere a wuya zai fara karce muku yatsa, domin katakon ya tsuke ya bar ƙarfen a waje. Na biyu, fuskar za ta ɗan lotsa ciki. Na uku, tsirkiya za ta sauko ta riƙa taɓa ƙarfe tana zizar da ba ku saba ji ba. Da kun ga ɗaya daga ciki, ƙishirwa take ji.

5. Shin ko kun san cewa maganin wannan ƙishirwa soso ne da kwanon sabulu? A jiƙa soso mai tsabta, a matse shi sarai har ya daina ɗiga, a saka shi cikin robar sabulu mai huda-huda, a ajiye a cikin akwatin jita wajen kai, a rufe. Duk bayan kwana 2 ko 3 a duba, in ya bushe a sake jiƙawa. Sharaɗi ɗaya ne: kada ruwa ya taɓa katakon ko da ɗigo.

6. Shin ko kun san cewa damina ma tana da nata ta'adin? Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma a watan Agusta iska kan cika da laima. A lokacin katako yake kumbura, fuskar ta turo ciki kamar wadda ta ƙoshi, tsirkiya ta yi nisa da wuya har dannawa ta yi wuya, murya ta dushe, funfuna ta kama cikin akwati. A cire soson hunturu, a saka 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma, kuma a riƙa buɗe akwatin ranar da aka samu sarari.

7. Shin ko kun san cewa dabarar makaɗan gargajiya ta gasa fata guba ce ga jita? Mai garaya ko mai kalangu kan kara kayansa kusa da wuta ko ya shanya a hantsi don fata ta ɗame, murya ta fito. Fata ce, tana jurewa. Jita kuwa gam ke riƙe da gaɓoɓinta, gam kuma yana fara saki idan zafi ya kusa digiri 60. Motar da aka kulle a ranar bazara, a Maris ko Afirilu, cikinta na iya kaiwa wannan zafi. Awa ɗaya a bayan mota ta isa ta ɗaga jaki daga fuska.

8. Shin ko kun san cewa tsohon soron ƙasa ya fi ɗakin kwano alheri ga jita? Ginin tubali mai kauri, irin wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya yi suna da shi lokacin da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, yana hana zafi da sanyi shigowa farat ɗaya. Abin da katako ya tsana ke nan, sauyi na gaggawa. Sai dai a kiyayi gara: kada a jingina jita da bango, kada a kwantar da ita a ƙasa. A ɗora akwatinta kan kabad ko benci, nesa da taga.

9. Shin ko kun san cewa gumin hannu ne ke cinye tsirkiya? Gishirin da ke cikinsa yana jawo tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta cika tsakanin naɗin wayar. A wanke hannu kafin a fara, musamman bayan an ci tsire ko ƙosai. Idan an gama, a sa busasshen ƙyalle mai laushi a bi kowace tsirkiya sama da ƙasa. Aikin minti 1 ne, amma yana ƙara mata kwana sosai.

10. Shin ko kun san cewa tsirkiya tana mutuwa tun ba ta tsinke ba? Idan launinta ya dafe, muryarta ta toshe, ko kuka ɗaure ta ƙi zama daidai, ta gama aiki. Mai kaɗawa kullum ya canja duk wata 2 zuwa 3. A riƙa canjawa ɗaya bayan ɗaya, a naɗe ta zagaye 2 zuwa 3 a kunnenta, a ɗan ja ta da yatsa har ta zauna.

11. Shin ko kun san cewa jita iri biyu ce, kuma ba a musanya musu tsirkiya? Akwai mai ta ƙarfe, akwai mai ta roba. Ta robar ta samu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Albert Augustine ya ƙera ta a Amurka tare da shahararren makaɗi Andrés Segovia. Kafin nan da hanjin tumaki ake yi. Jan ta roba kusan rabin na ƙarfe ne. Wanda ya ɗaura ƙarfe a jitar da aka yi don roba, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

12. Shin ko kun san cewa akwai sandar ƙarfe ɓoye a cikin wuyan jita mai tsirkiyar ƙarfe? Ita ke hana wuyan sunkuyawa. Wani ma'aikacin kamfanin ƙera jita na Gibson, Thaddeus McHugh, ya samu rajistar wannan fasaha a 1923. Ana juya ta da ɗan makulli, amma kwata ɗin zagaye kawai a lokaci guda, sannan a bar katako ya huta. In ta yi tauri, a dakata a nemi masani. Karya ta ya fi sayen sabuwar jita ciwo.

13. Shin ko kun san cewa wasu itatuwan jita dangin namu ne? Katakon da ake kira mahogani na Afirka, wanda ake yin baya da wuya da shi, ɗan'uwan maɗaci ne. Baƙin katakon da yatsu ke takawa kuma ɗan'uwan kanya ne, yawancinsa daga Kamaru yake fitowa. Shi ya sa kamfanin ƙera jita na Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Ɗan farin abin da tsirkiya ke hawa a kan jaki, a jitoci masu daraja, ƙashin saniya ne.

14. Shin ko kun san cewa man gyaɗa da man ja da kananzir ba su da gurbi a jikin jita? Man girki yana daskarewa ya yi yauƙi da wari ya tara ƙura, kananzir da fetur kuma suna iya ɓata fenti. Ƙyalle mai ɗan danshi, a biyo da busasshe, ya wadatar.

15. Shin ko kun san cewa manyan makaɗa da ƙaramin kaya suka fara? Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, amma ya kai shi ƙasashen duniya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bala Miller, wanda mahaifinsa mutumin Zariya ne, ya ɗora waƙar Hausa a kan jita da ƙahonni har ta karaɗe Nijeriya. Tsadar kaya ba ta taɓa maye gurbin riƙo da kyau ba.

Don haka, ɗan'uwa mai jita, ka riƙe abu huɗu: akwati a rufe, soso da hunturu, inuwa da bazara, ƙyalle bayan kowane kiɗa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Jitar da aka kula da ita tana iya wuce shekara 50 tana magana, har ɗanka ya gada.