Kaska Da Yadda Za Ka Tsare Kanka Daga Cutarta

Ya kai manomi, da kai dagaci, ka san ɓarnar da kaska ke yi wa shanu, gama inda ta yawaita nan kirci ke yawaita. To, ka sani haɗarinta bai tsaya ga dabba kaɗai ba, har ya kai ga mai kiwo, da mai yankan ciyawa, da mahauci.

Kaskar nan mai zane a baya, wadda ke yawa farkon damina, takan sa wa mutum zazzaɓi da ciwon kai, wurin cizon kuma ya yi baƙin ɓawo. Wannan yana da magani a asibiti. Amma mai ratsi-ratsi a ƙafafu ita ke ɗauke da cuta mafi tsanani, watau zazzaɓi mai sa zubar jini. An gane shi a Kirimiya cikin 1944, aka sami ƙwayarsa a Kwango cikin 1956, an kuwa same ta a jikin kaska da shanu a Nijeriya. Cikin mutum 100 da ya kama, 10 zuwa 40 ke mutuwa. Saniyar da ke da ƙwayar ba ta nuna ciwo, sabo da haka ido ba ya gane ta.

Cizo ba shi ne kaɗai hanyar kamuwa ba. Wanda ya cire kaska daga saniya ya murƙushe ta da farce, jinin ya taɓa tsagar hannunsa, ya buɗe wa cuta ƙofa. Haka kuma mai fiɗa da rauni a hannu.

Ga abin da za ka yi. In za ka shiga ciyawa, sa dogon wando, ka ɗaure bakinsa a idon sawu. Farin tufa ya fi, domin kaska ba ta ɓuya a kansa. Da maraice duba hammata, da matsematsi, da bayan gwiwa, da bayan kunne, ka duba na yara ma. In ta kama ka, riƙe ta da matsefata dab da fata, ka ja a miƙe sannu sannu, kada ka murɗa, kada ka ƙona ta a jikinka. Sa'an nan ka wanke wurin da sabulu, ita kuwa ka jefa ta wuta.

Kadan zazzaɓi ya zo cikin mako biyu bayan cizo, je asibiti nan da nan, ka faɗa musu kaska ta cije ka, don kada a zaci na sauro ne.

Kai kuwa dagaci, ka sa a yi shelar wannan ran kasuwa, makiyaya da mahauta su ji. Rigakafi ya fi magani.