Notin bindiga ya kwance: gaskiya da ƙarya a zancen mafarauta

Gaya gidan ƙira ce tun fil azal. Tarihi ya nuna daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har Dutsen Dala. Duk da haka, da kaka ta wuce aka fara shirin farauta, sai ka ji maganganu iri-iri a Gaya da Ajingi kan notin bindigar toka da ke yawan kwancewa. Ga yadda abin yake.

Ana cewa sammu ne. Ƙarya ne. Duk harbi ɗaya yana girgiza bindiga, girgizar kuma tana warware noti kaɗan-kaɗan. Ko ƙaramar bindigar nan ta kamfanin Colt da aka fara ƙerawa a Amurka a 1873, wadda sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, an san ta da wannan hali, shi ya sa masu ita suke duba notinta a kai a kai.

Ana cewa hunturu na da hannu a ciki. Gaskiya ne. Busasshiyar iska tana tsotse damshin itacen ƙota, itacen ya tsuke, notin da ya kama gam da damina ya fara rawa.

Ana cewa a ɗaure shi iya ƙarfi, magana ta ƙare. Ƙarya ne. Ƙarfin da ya wuce kima yana cinye haƙoran noti ko ya tsaga itacen. Ana so sukundireba ta cika tsagar kan notin daidai, a kuma tsaya da zarar ya kama.

Ana cewa mai yana ƙara kwance shi. Gaskiya ne, idan ya shiga cikin haƙoran. Masu gyara suna goge su su bushe, su ɗiga ɗan gam na musamman irin shuɗin Loctite, wanda ake iya kwancewa daga baya.

Ana cewa walda ko ɗauri da roba sun wadatar. Wannan ce ƙaryar da ta fi haɗari. Zafin walda na iya tayar da ragowar albarushi, roba kuwa ɓoye ciwon kawai take yi. Idan notin da ke riƙe da kunama ya yi sako-sako, bindiga na iya tashi ba tare da an taɓa ta ba, kuma wanda ke kusa ɗan'uwa ne.

Saboda haka, malam mafarauci, kafin ka taɓa noti ka tabbatar babu ɗuri a ciki, bakin bindiga kuma ba ya kallon kowa. Notin da ya sake kwancewa bayan an ɗaure shi ya ci, canji yake bukata. A kai wa mai gyaran da hukuma ta ba izini, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ba ta bar mallaka da gyara a hannun kowa da kowa ba.