Na'urar Sauraro Ta Aljihu: Matsalolinta Da Yadda Za A Magance Su

Da yawa daga cikin ɗalibai da malamai suna da 'yar na'urar nan da ake kira MP3, wadda ake zuba wa waƙoƙi, da darussa, da jawabai, a saurara a duk inda ake so. Sau da dama idan ta sami 'yar matsala, sai mai ita ya jefar, ko ya kai wa mai gyara ya biya kuɗi a kan abin da shi kansa zai iya gyarawa cikin minti biyar. Wani lokaci kuma garin gyara sai a share duk abin da aka daɗe ana tarawa. Manufar wannan rubutu ita ce a nuna inda ya kamata a fara dubawa kafin a kashe ko kwabo.

Tun a shekarar 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman mai amfani da kaset. Tsarin MP3 kuwa, wanda masana a Jamus suka yi aiki mai yawa a kansa, ya ba da damar matse sauti ya zama ƙaramin fayil. A 1998 aka fara sayar da na'urar MPMan daga Koriya ta Kudu, a 2001 kuma kamfanin Apple ya fito da iPod, wanda ya daina ƙerawa a 2022. Amma har yanzu akwai ire-irensu a kasuwa, har da ƙananan rediyo masu cin katin memori. Dukansu abu huɗu ne ginshiƙinsu: batir, ma'ajiya, maɓallai, da mafitar sauti. Kusan kowace matsala daga ɗaya cikin huɗun nan take fitowa.

1. Idan ta ƙi kamawa

Da farko a duba gefen na'urar. Yawancinsu suna da ɗan makulli da aka rubuta wa HOLD, wanda ke kulle dukan maɓallai domin kada su dannu a aljihu. Idan a kulle yake, kome yawan dannawa ba za ta amsa ba. Idan ba wannan ba ne, sai a sa ta a caji a bar ta kamar rabin sa'a. Batirin da ya mutu sarai yakan ɗauki lokaci kafin ya nuna alamar rai, saboda haka kada a yanke hukunci cikin minti biyu.

2. Idan ba ta ɗaukar caji

Sau da yawa laifin wayar caji ne, gama siraran wayoyin da ke ciki sukan tsinke a daidai wuya, inda ake yawan lanƙwasawa. A ari wata waya da wata caja a gwada. Sa'an nan a haska ramin caji da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a ciki su hana waya zama daram. A cire na'urar daga wuta, a kashe ta, a sa tsinken sakace a fitar da dattin a hankali. Kada a yi amfani da allura ko wani ƙarfe. Waɗannan na'urori bolt 5 suke sha, don haka kada a haɗa su da cajar da ba a san ƙarfinta ba.

3. Idan batir yana saurin ƙarewa

Batirin lithium yana tsufa. Bayan an caja shi sau ɗaruruwa, ƙarfinsa yakan ragu, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne. Amma zafi yana gaggauta tsufansa ƙwarai. Kada a bar na'ura a rana, ko a bakin taga, ko a ƙarƙashin matashi tana caji. A rage hasken fuskarta, a kuma kashe ta sarai idan an gama sauraro. Idan kuwa aka ga bayanta ya kumbura, ko tana zafi fiye da kima, a daina caji nan take. Kada a huda batirin, kada a matse shi, kada a jefa shi cikin wuta, domin yana iya kamawa da wuta ya jawo gobara a ɗakin kwana.

4. Idan ta daskare

Wani lokaci fuska takan tsaya cak, babu maɓallin da ke aiki. A nemi wani ɗan rami ƙarami da aka rubuta wa RESET, a sa tsinke a danna sau ɗaya. Wannan ba ya share waƙoƙi, tashe ta kawai yake yi. A iPod mai zagayen maɓalli, ana danne MENU tare da maɓallin tsakiya har sai hoton tuffa ya bayyana.

5. Idan waƙoƙi ba su fito ba

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka a kula da kyau. Dalili na farko shi ne irin fayil. Ba kowane fayil ɗin sauti ne MP3 ba. Akwai WMA, da AAC, da sauransu, ƙananan na'urori kuwa da yawa MP3 kaɗai suke ganewa. Maganinsa shi ne a juya fayil ɗin zuwa MP3 a kwamfuta.

Na biyu shi ne girman kati. Katin da ya wuce gigabait 32 yakan zo da tsarin exFAT, tsofaffin na'urori kuwa FAT32 suka sani. Katin lafiyarsa lau, na'urar ce ba ta jin harshensa.

Na uku shi ne cutar kwamfuta. Idan an kai kati wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa, kwamfutar da ke karɓar katuna da yawa kullum tana iya sa masa cutar da ke ɓoye fayiloli. Alamarta ita ce kati ya nuna a cike yake, amma ba a ganin kome. Kada a yi gaggawar yi masa fomat, gama fomat share kome yake yi. A kai shi ga kwamfuta mai manhajar kariya, a wanke shi, a sa ta nuna ɓoyayyun fayiloli, yawanci za a same su.

Na huɗu shi ne katin jabu, wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Yakan karɓi waƙoƙin farko lafiya, na baya kuwa su lalace. Araha ba ta ado. Ga lissafi mai sauƙi: MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kamar megabait ɗaya a minti ɗaya, watau gigabait ɗaya zai ɗauki waƙoƙi wajen 250 masu minti huɗu huɗu. Katin da ya fara lalata fayiloli tun bai kai rabin girmansa ba, abin tuhuma ne.

6. Idan sauti yana fita kunne ɗaya

A gwada wani iyafis tukuna. Idan sabon ya yi daidai, tsohon ne ya tsinke. Idan sai an murza bakin waya ne sauti ke dawowa, ramin ne ya yi datti ko ya saki.

7. Idan ta faɗa ruwa

A kashe ta nan da nan, a cire kati, a goge ta, a ajiye a inuwa mai iska kwana biyu. Kada a kunna domin gwaji, kada kuma a sa caji tana da laima. Binne ta cikin shinkafa ba ya da wani amfani da ya fi iska.

Akwai abu guda da ba shi da mai gyara, watau kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗi cewa yawan sauraron sauti mai ƙarfi yana kashe ji, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura, a kuma riƙa hutar da kunne. Idan na kusa da kai yana jin abin da kake saurara, ya yi yawa.

A ƙarshe, ya ku ɗalibai, a fara da abu mai sauƙi kafin mai wuya, a canja abu ɗaya ɗaya domin a gane inda laifin yake. Duk abin da yake da daraja a gare ku, ku ajiye kwafinsa a wuri na biyu. Kada a fizge waya daga kwamfuta ana cikin tura fayil. Idan an gwada dukan waɗannan ba a dace ba, sai a cire kati a riƙe a hannu, sa'an nan a kai na'urar wurin mai gyara.