Damagaram tsakanin ƙishirwa da ambaliya

Duk wanda ya san Damagaram ya san ta da wahalar ruwan sha, musamman a bazara, lokacin da 'yan garuwa ke zama sarakunan unguwa. Amma a farkon Satumban 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin sarakunan Damagaram na dā. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin Nijar, ta shafi kimanin miliyan 1.5, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka faɗi.

Ƙishirwar da ambaliyar tushensu ɗaya. Birnin na zaune ne bisa dutse, ruwa ba ya nutsewa da sauƙi, sai ya bi gangare yana neman kududdufi. Kududdufan kuwa, waɗanda kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, da yawa an cike su da shara, an yanka filaye a bakinsu. Ruwa bai manta hanyarsa ba, sai ya shiga ɗakin da aka gina a kanta.

A ƙauyukan Hamdara, cikin gundumar Miriya, asarar ta fi ciwo ko da ba ta shiga rediyo ba. Katangar da ba a yi wa yaɓe ba takan sha ruwa daga gindi, ta kwanta da dare bisa masu barci. In rumbu ya jiƙe, geron shekara ya tafi, kuma babu inshorar da za ta biya.

A 2024 Nijar na da ma'aikatar agaji da kula da bala'o'i, ga jami'an kare fararen hula, ga hukumar hasashen yanayi. Ba na raina buhun shinkafa da tabarma da gidan sauro ga wanda ya kwana a waje. Abin da ke damuna shi ne ƙarfin hukuma yakan bayyana ne bayan gini ya faɗi. Aikin gaske na watan Afrilu da Mayu ne: yashe magudanai, kare kududdufai, da hana ofishin magajin gari sayar da fili a kwari. Gargaɗin ruwa mai ƙarfi kuma ya isa kunnen mai gari da limami da Hausa, tun hadari bai haɗu ba.